Layi ya fito a takarda, amma ACE2 ɗin ne kuwa?

Wata Alhamis da yamma, cikin sanyin nan na Jos da ko ruwan famfo ba ka son taɓawa, wani ƙanena da yake mastas ya turo min hoto a WhatsApp, ko sallama bai gama ba sai ga murya, "Yaya ya fito! Wallahi ya fito!" Hoton takardar westan bulot ne, wato gwajin da ake raba furotin bisa nauyinsu a cikin jel, a kwafe su kan takarda, wanda ake nema ya fito a matsayin layi, ga baƙin layi ɓaro-ɓaro kwance a kowane gurbi. Yaron nan wata huɗu yana neman enzayim ɗin ACE2 a ruwan jinin masu hawan jini, kuɗin antibodin ma, wato abun da ke kamo ACE2 ɗin a gan shi, sai da babansa ya sa hannu aka yi odar shi daga waje. Na buɗe hoton sosai na duba ma'aunin nauyi da ke gefe, layin nasa yana zaune wajen kilodalton 50, wato awon nauyin furotin, shi kuwa cikakken ACE2 wajen 120 yake zama. Na ce masa ƙanena kar ka kai wa malaminka tukuna, gobe ka zo min da kwalbar da takardar da ta zo da ita.

Abun da ya faru da shi yana faruwa da mutane da yawa, har da manyan farfesoshi a ƙasashen da ba a ɗauke musu wuta, shi ya sa na ga ya kamata a warware maganar daga tushe.

Kowace ƙwayar halitta ta jikinmu, wato sel, tana da fata siririya ta kitse da ta kewaye ta. A jikin wannan fatar akwai furotin kala-kala a kafe, wasunsu kuma enzayim ne, ma'ana ma'aikata ne masu yanka wani sinadari ko su juya shi ya koma wani abu. ACE2 ɗaya ne daga cikinsu. An gano shi a shekarar 2000, amino asid 805 ne a jere, kuma zamansa kamar na mai shagon da ya zauna a bakin ƙofa ne, gangar jikinsa duk a waje, ɗan guntun wutsiyarsa ne kawai a cikin sel. Aikinsa ya kama angiotensin II, sinadarin da ke matse jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini, ya cire masa amino asid ɗaya tak daga ƙarshe, sai ya koma angiotensin 1-7 mai sassauta jijiya. Duniya ta san sunansa ne a 2020 saboda ta kansa ƙwayar korona ke shiga sel. Yana da 'yan uwa irinsa da yawa, akwai DPP4 da ake kira CD26 wanda maganin ciwon suga irin sitagliptin ke toshewa, kuma shi ne ƙofar cutar MERS, akwai CD73 da masu binciken cutar kansa suka sa wa ido saboda yana samar da adenosin mai kashe wa garkuwar jiki kuzari, akwai PSMA na kansar mafitsarar maza. Yawancin maganar da zan yi kan ACE2 ta shafe su.

Toh matsalar ita ce ba ka iya ganin ɗayansu da ido, ko da madubin lab na yau da kullum. A cikin ɗigon sampul ɗaya furotin dubbai ne a cakuɗe. Sai an aiki wani ya shiga ya nemo maka shi ya riƙe masa riga, wannan ɗan aiken shi ne antibodi.

Antibodi asalinsa makamin garkuwar jiki ne, jiki na ƙera shi ya manne wa baƙon abu. Masu bincike sai suka ari dabarar, a ɗauki furotin ɗin mutum ko guntunsa a yi wa zomo ko akuya ko ɓera allura, jikin dabbar ya ɗauke shi a matsayin baƙo ya ƙera antibodi a kansa, a ɗebi jinin a tace a zuba a kwalba. Amma ga inda mutane ke tuntuɓe, antibodi bai san furotin gabaɗayansa ba. Ɗan wuri kaɗan ya sani, amino asid ƙalilan, shi ake kira efitof. Kamar a aike ka kasuwar Taminus ta Jos ka nemo mutumin da ba ka taɓa gani ba, abun da aka gaya maka kawai yana da tabo a goshi. In ka yi sa'a ka samo shi. In ba ka yi ba ka riƙo wani bawan Allah mai irin tabon ka dawo kana rantsuwa shi ne, kuma kai ba ƙarya kake ba, alamar da aka ba ka ke nan.

Wanda aka tato kai tsaye daga jinin dabba shi ne folikulonal, 'yan aike ne da yawa kowa da alamar da ya riƙe, wani tabo wani hula wani tafiya, shi ya sa yake kamawa da ƙarfi, amma a cikin taron ba a rasa masu riƙo wanda ba shi ba. Kuma in jinin wannan zomon ya ƙare sai an yi wa wani zomon allura, sunan kaya ɗaya lambar katalog ɗaya amma abun da ke cikin kwalbar ya canza. Monokulonal kuwa ɗan aike ɗaya ne da aka yi ta kwafarsa. Georges Köhler da César Milstein suka fito da hanyar a Kambirij ta Ingila a 1975, suka haɗe sel mai ƙera antibodi da sel ɗin cutar kansa wanda ba ya mutuwa, abun da ya haifar ya ci gaba da zubo antibodi iri ɗaya, sun samu kyautar Nobel a kai a 1984. Sai na uku, rikombinan, wanda aka karanta jerin ƙwayar gadonsa aka adana, duk lokacin da ake so a ƙera shi daidai yadda yake ba sai an koma wa dabba ba. Ni dai in kuɗin ya kai wannan nake cewa a saya.

Washegari yaron ya zo da takardar, muka zauna muka karanta tare, abun da shi bai taɓa yi ba tunda kayan suka iso, ya dai duba adadin da za a sirka ya wuce. A ƙasa wajen da aka rubuta da me aka yi wa zomon allura, an ce guntun ƙarshen furotin ne, wato wutsiyar nan da ke cikin sel. Nan na ajiye takardar. Saboda ACE2 ɗin da ke yawo a ruwan jini ba cikakke ba ne, wani enzayim ne mai suna ADAM17 ke zuwa ya datse shi daga gindi, gangar jikin ta faɗa cikin jini, wutsiyar ta tsaya a jikin sel. Ka ga ke nan ya sayi ɗan aiken da wutsiya kawai ya sani, ya tura shi inda babu wutsiya ko ɗaya. Ko shekara zai yi yana gudun jel ba zai ga abun da yake nema ba, kuma antibodin bai lalace ba, kamfanin ma bai cuce shi ba.

Ya ce "To Yaya wannan layin fa na mene ne? Na karanta akwai gajeren ACE2 mai nauyin wajen 50." Kuma gaskiyarsa, na ji daɗi ma da ya san wannan. A 2020 aka gano akwai wani gajeren nau'i da ya rasa ɓangaren gaba, ba ya aikin enzayim, ƙwayar korona ma ba ta kama shi, kuma antibodin wutsiya yana ganinsa. Amma shi ma a jikin sel yake zaune. Na ce mu daina musu mu gwada. Muka sake gudu, muka raba takardar biyu, rabi aka sa mata antibodin ACE2 sannan na biyu, ɗaya rabin kuma ba a sa na farkon ba sam, na biyun kaɗai aka zuba.

Bari in ɗan tsaya nan don wanda bai saba ba. Yawanci antibodi biyu ake amfani da su a jere. Na farko shi ke kama furotin ɗin da kake nema amma ba ya haske. Na biyu, misali na akuya da aka ƙera ya kama antibodin zomo, shi ke ɗauke da fitila, ko dai enzayim ɗin HRP da ke fitar da haske in an zuba masa sinadari, ko launi mai walƙiya. Abun da idonka ke gani a ƙarshe inda na biyun ya tsaya ne.

Rabin da ba a sa wa na farko ba, layin 50 ɗin nan ya fito tsaf kamar yadda ya fito a ɗayan, har da wani siriri a wajen 25. Duk wanda ya daɗe a benci ya san waɗannan lambobin biyu, nauyin manyan sarƙoƙi da ƙananan sarƙoƙin IgG ne, wato nau'in antibodin da ya fi yawa a jini. Jinin mutum cike yake da nasa antibodin, na biyun da ya saya ba a tace shi daga kama na mutum ba, sai ya manne musu. Wato abun da ya ɗauka ACE2 ne na masu hawan jini, garkuwar jikinsu ce kawai, wadda kowa ke da ita. Yaron ya yi shiru ya daɗe yana kallon takardar, wallahi ni ma sai da abun ya taɓa ni don na san yadda aka haɗa kuɗin nan. Amma gara ya gani a ɗakin da mu biyu ne da a ce ya rubuta babi guda a kai ya je gaban kwamitin jarrabawa.

Wannan na wutsiya da gangar jiki shi ne abu na farko da enzayim na fatar sel ya bambanta da sauran furotin. Ka san ɓangaren da antibodinka ke kamawa kafin ka biya. In da na'urar fulo za ka yi aiki, wadda ke ƙirga sel ɗaya bayan ɗaya suna wucewa ta gaban hasken leza, kuma sel ɗin da ransu, to dole efitof ya zama na waje, antibodi ba ya ratsa fatar sel mai rai. In na ciki ne sai ka ƙanƙame sel ɗin da sinadari irin fomalin ka huda fatar da saponin ko Triton. Kuma a kula da tirifsin ɗin da ake ɓamɓaro sel daga faranti da shi, almakashi ne, yana aske furotin ɗin waje, sai ka aske abun da kake nema da hannunka sannan ka ce babu shi. Ɓamɓaro su da sinadarin EDTA ya fi sauƙi a kansu.

Sai maganar siffa. Ka ɗauki rawani a kan basarake, an naɗa shi, wannan gefen ya haɗu da wancan. In ka warware shi ka shimfiɗa ya koma dogon yadi. Akwai antibodin da naɗin ya sani, akwai wanda zanen jikin yadin ya sani. A westan bulot ana warware furotin ne da sabulun SDS da zafi ya miƙe, a fulo kuwa yana naɗe yadda Allah ya yi shi, a IHC kuma, wato rina yankan tsoka a kan gilas, fomalin ya ɗaure shi ya ƙanƙame har sai an dafa gilas ɗin a ruwan sitiret mai pH 6 ko Tris da EDTA mai pH 9 kafin wurin kamun ya buɗe. Shi ya sa antibodi zai yi kyau a wannan aikin ya ƙi a wancan, in takarda ta ce an gwada shi a westan kaɗai kar ka ɗauka zai yi maka IHC don kawai sunan furotin ɗaya ne.

Nauyin ma yana ruɗa mutane. In ka lissafa amino asid 805 na ACE2 za ka samu wajen kilodalton 92, amma a jel wajen 120 yake fitowa saboda sarƙoƙin suga da aka rataya masa, kusan duk furotin ɗin da ke fuskantar waje haka suke, wani lokacin ma layin ba ya fita siriri sai ya yi kauri kamar an shafa. In kana kokwanto akwai PNGase F da ke cire sugan, layin gaskiya zai sauko ƙasa. Sannan fito da su daga cikin kitsen fatar sai da sabulu mai ƙarfi irin na RIPA, in ba haka ba suna can cikin dusar da ta kwanta a ƙasan tub ka zubar. Waɗanda suka ratsa fatar sau da yawa kuma ba sa son tafasa, ka kai su digiri 95 su dunƙule su maƙale a saman jel, gara 70 na minti goma ko 37 na rabin awa.

Kar wani ya ce ai wannan matsalar ɗalibai ce ko ta rashin kayan aiki irin namu. A Toronto ta Kanada wasu masu bincike sun shafe kusan shekara biyu da dala wajen dubu 500 suna bin wani furotin mai suna CUZD1 a matsayin alamar kansar fankiriyas, daga baya suka gano kit ɗin ELISA da suka saya, wato kayan auna furotin da antibodi a rijiyoyin faranti, wani furotin daban yake kamawa, CA125. A 2017 wasu a Suwidin suka gwada antibodi 13 na ER-beta, mai karɓar sinadarin istirojin, ɗaya kacal suka samu yana kama abun da aka ce yana kamawa, alhali an riga an rubuta takardu birjik da sauran. A 2023 ƙungiyar YCharOS da ke Montiriyal ta fitar da sakamakon antibodi 614 na furotin 65, fiye da rabi sun faɗi a aƙalla aiki ɗaya, kuma rikombinan sun fi sauran cin jarrabawar. Shi kansa ACE2, lokacin korona kowa na cewa huhu cike yake da shi, da masu Human Protein Atlas suka duba a 2020 da antibodin da aka tantance sai suka ga inda ya fi yawa ƙaramin hanji ne da ƙoda da mafitsarar ɗaci da maraina, a huhu kaɗan ne ƙwarai.

Hanyar da YCharOS ke bi ita ce mafi ƙarfi, a ɗauki sel iri ɗaya gida biyu, ɗaya a bar shi yadda yake, ɗaya a cire masa ƙwayar gadon furotin ɗin da CRISPR, wato almakashin yanka ƙwayar gado, sel ɗin da aka yi wa haka shi ake ce wa nokawut. In layi ya fito a na farko ya ɓace a na biyu to antibodin na gaskiya ne. In ya fito a duka biyun, wani abu yake kamawa. Tun 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya jera hanyoyi biyar na tantancewa, wannan na cikinsu, da gwada antibodi biyu masu kama wurare daban a ga ko za su nuna abu ɗaya, da kwatanta sakamakon da wata hanyar da ba ruwanta da antibodi kamar auna RNA.

Na san abun da mutumin Jos zai ce, ina muka ga sel ɗin nokawut, mu da muke fama da dizal ɗin janareta. Haka ne. Amma abun da ya ceci ƙanena bai ci ko sisi ba, rabin takarda ne aka hana wa antibodin farko. Kuma samun wurin da ka tabbata enzayim ɗin yana nan da wurin da ka tabbata kusan babu shi ba gagara ba ne, ga ACE2 tsokar ƙoda tana da shi sosai, cikin nau'o'in sel da ake reno a lab Caco-2 da Calu-3 ma haka, A549 kuwa ɗan kaɗan ne ainun. Masu aikin ƙwayoyin cuta a Vom ko Abuja da yawansu suna riƙe da sel ɗin Vero, shi ma yana da shi, sai dai a tuna na biri ne, a duba ko antibodin yana kama na biri. Kafin ka biya kuma ka shiga intanet ka nemi lambar katalog ɗin, ka ga ko kamfanin ya nuna hoton nokawut, kuma cikakken hoton takarda ya nuna ko ɗan yanki ya yanko inda layin ya yi kyau. Ni in na ga an yanke sama da ƙasa hankalina ba ya kwanciya.

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa tsanani a kan wannan, don ɗan tub ɗin da bai kai rabin cokalin shayi ba, mikrolita 100, dala ɗaruruwa ne, ka juya shi zuwa naira ka ƙara kuɗin jigila da na kwastan. Wanda ke Boston in ya ƙi masa ya sayi wani sati mai zuwa, kai kuwa shi ke nan maka har ka gama digirin. Sannan ga tafiyar da yake sha, ya sauka Abuja ya kwana nawa kafin a fito da shi, a sa shi a mota ta Keffi da Akwanga, kafin ya hau tudu ƙanƙarar cikin kwalin ta zama ruwa. Yawancin antibodi suna jure 'yan kwanaki haka, abun da ke kashe su shi ne daskarewa da narkewa a kai a kai, wanda shi ne ainihin abun da firizarmu ke yi duk lokacin da aka ɗauke wuta aka kawo. Don haka ranar da ya iso ka raba shi ƙananan tub, kowanne na aiki ɗaya ko biyu, ka tura su can ƙuryar firiza ba jikin ƙofa ba, ka kewaye su da robobin ƙanƙara. Masu launin walƙiya na fulo kuwa ba a daskarar da su, firji ne a digiri 4 cikin duhu. Ka rubuta lambar lot, wato lambar zubin da aka ƙera tub ɗin a ciki, a littafinka, ranar da sabon tub ya ƙi yin abun da tsohon ya yi za ka neme ta.

Akwai kuma wani abu da na gaya masa wanda ya shafi tambayar binciken nasa kanta. Antibodi yana gaya maka enzayim yana nan ne, bai gaya maka yana aiki ba. Zai kama mai rai, zai kama wanda magani ya toshe, zai kama gajeren nan da ba ya yanka komai. In abun da kake son sani ko ACE2 na masu hawan jini yana yanka angiotensin da kyau, to gwajin aiki za ka yi, a ba shi sinadarin da ke haske in an yanka shi, a sake da maganin da ke toshe ACE2 kaɗai a ga bambanci. Kuma duk kwalbar da aka rubuta don bincike kawai, don bincike kawai ɗin ce, ba a ba mara lafiya sakamako da ita.

Ƙanena dai bai zubar da antibodin nasa ba. Ya je ya zauna da malaminsa suka duba, tunda na wutsiya ne kuma takardarsa ta nuna an gwada shi a IHC, sai aka juya wani ɓangaren aikin zuwa tsofaffin yankan ƙoda da ke ajiye cikin kakin farafin, bayan an nemi izinin kwamitin ɗa'a. Na ruwan jinin kuma sun haɗa kuɗi su uku da wasu ɗalibai za su sayi kit ɗin da ke kama ɓangaren waje, su raba rijiyoyin farantin a tsakaninsu. Satin da ya wuce ya kira ni in zo in duba gilas ɗinsa na farko, launin ƙasa-ƙasa ya kwanta a bakin ƙananan bututun ƙoda ta gefen da ke fuskantar rami, daidai inda ACE2 ke zama, gilas na kusa da shi da bai sa wa antibodin farko ba kuma babu komai sai shuɗin rini.